Ɗaukar Jakar Golf Ba Tare da Ciwon Kafaɗa da Baya Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗan wasan golf da ya zaɓi zagaya fili da ƙafa, jakarsa a baya, yakan shafe awa huɗu ko fiye yana tafiyar da kan kai kilomita 7 zuwa 10 kafin ya gama ramuka 18. Da yawa sukan tashi washegari wuya a sanƙare, kafaɗa tana zogi, ƙugu ya riƙe. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi kan matsalar. Duk inda aka ce dama ko hagu, ana nufin jakar da aka saba gani, wadda kawunan sanduna ke fitowa ta hannun dama idan an goya ta. Mai jakar bahago sai ya juya bayanin.

Me ya fi kawo ciwon, nauyin jakar ko tsawon tafiyar?

Tafiyar ake ɗora wa laifi, alhali nata laifin ne mafi ƙanƙanta. Jaka mai kilo 9 da ta zauna daram a gadon baya, lafiyayyen mutum zai yi nisa da ita bai ji a jikinsa ba. Ɓarnar tana wajen ɗagawa da saukewa. A yi lissafi: wanda yake gama zagaye da bugu 90, kusan 36 daga ciki gajerun bugu ne na zura ƙwallo rami, ba a matsa jaka dominsu. Sauran 50 da ɗoriya kuwa, kusan kowanne sai an sauke jaka kafinsa, an kuma ɗauka bayansa. Idan jakar kilo 10 ce, abin da ka ɗaga a wuni ɗaya ya haura rabin tan ke nan, kuma galibi da hannu ɗaya, ta gefe ɗaya, kana sunkuye kana murɗa ƙugu. Sunkuyo da murɗawa lokaci guda, ga nauyi a hannu, shi ne abin da ya fi wahalar da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya.

Sai maratayin da ba a taɓa daidaitawa ba tun ranar da aka sayi jakar, sai tarkacen da ya cika aljihuna. Kada kuma a manta bayan da ke ɗaukar jakar shi ne dai yake murɗawa wajen kowane bugu. Aiki biyu yake yi, ba ya samun hutu tsakaninsu.

Nauyin jaka cikakkiya yakan kai nawa?

Sanduna 14 da marufan kawunansu sukan kama kilo 6. Sandar dogon bugu, duk da ita ce mafi tsawo, ita ce mafi sauƙi, giram 300 da 'yan kai. Masu kan ƙarfe kowace takan wuce giram 400, gajerun da ake fita daga yashi da su sun ɗara haka, ta zura ƙwallo rami kuma takan kai rabin kilo. Ita jakar, idan mai ƙafafu ce ta goyo, kilo 1.5 zuwa 2.5 take. Ƙwallo ɗaya doka ta hana ta wuce giram 45.93, don haka dozin ɗaya giram 550 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Babbar lema takan haura rabin kilo. Ka haɗa da rigar ruwa da tawul da na'urar auna nisa, kafin ka ankara ka kai kilo 11 ko 12.

Kada ka yi kintace, ka auna. Hau ma'aunin nauyi da jakar, ka sauka ka hau babu ita, ka debe. Ga mai son ya riƙa goya jaka ramuka 18 a kai a kai, ƙasa da kilo 9 shi ne abin nema.

To me zan cire?

Fara da ƙwallaye, don nan ne ɓoyayyen nauyi yake. Akwai jakar da za ka zazzage ka tarar da guda 25, rabinsu tsintattu ne da mai jakar ba zai taɓa bugawa ba, ga su sun haura kilo ɗaya. Ƙa'ida mai sauƙi: adadin da ka saba ɓatarwa a zagaye, ka ƙara uku. Lema da rigar ruwa kuma a duba hasashen yanayi kafin a fito, in babu alamar hadari su zauna a mota. Ruwan sha ba a rage shi, amma idan filin yana da wurin ɗiban ruwa a tsakiya, gora mai rabin lita da za a sake cikawa ta fi mai lita biyu.

Sannan sanduna. Dokar da hukumomin da ke kula da dokokin golf, wato R&A da USGA suka shimfiɗa ta ce kada a wuce 14, ba ta ce sai an cika 14 ba. (An kafa iyakar ne a 1938 a Amurka, 1939 a Birtaniya, lokacin da wasu 'yan wasa ke zuwa da sanduna fiye da 20, masu ɗaukar musu jaka suna shan wuya.) Matsakaicin ɗan wasa da tazarar bugunsa tsakanin sandunan kan ƙarfe masu lamba 5 da lamba 6 ba ta taka kara ta karya ba, babu abin da zai rasa in ya bar ɗaya a gida. Ɗaukar lamba 5, 7, 9 a bar 6 da 8, a kuma ajiye sandar da ba a taɓa zaro ta ba a zagaye uku na baya, yana sauke fiye da kilo ɗaya. Mutane da dama sukan yi mamakin ganin makinsu bai canza ba.

Wace irin jaka ce ta dace da goyo?

Mai ƙafafu biyu da maratayi biyu. Ƙafafun ba don ado ba ne: suna tsayar da bakin jakar sama, ta yadda ba sai ka sunkuya har ƙasa ba. Jakar da aka yi don ɗorawa kan keken ɗaukar jaka ko ƙaramar motar fili takan kai kilo 3 zuwa 4 babu komai cikinta, maratayinta ɗaya ne siriri, don daga mota zuwa bakin fili kawai aka yi shi. Manyan jakunkunan da ake gani a gasar ƙwararru sukan kai kilo 5, kuma ba 'yan wasan ke ɗaukarsu ba. Akwai kuma siririyar jaka mai kamar kilo ɗaya wadda ke cin sanduna shida zuwa takwas. Tana da kyau ga ramuka tara da yamma, sai dai wasu ba su da ƙafafu, kowane ɗauka daga ƙasa ne.

Wajen saye, kada sauƙin jaka kaɗai ya ruɗe ka. Wadda aka rage mata giram 300 ta hanyar sirantar da soson maratayi za ta fi mai kauri cin kafaɗa. Ka zuba mata sanduna a shagon ka goya, ka taka 'yan mintuna. Jaka marar kaya ba ta nuna halinta.

Maratayi ɗaya yana da illa da gaske?

Yana da ita. Nauyi a kafaɗa ɗaya yana sa mutum ya ɗage kafaɗar don kada maratayin ya zame, ya kuma karkata jikinsa ɗaya gefen don ya daidaita. Tsokar da ta taso daga ƙeya zuwa kan kafaɗa takan yini a ɗaure, tsokokin ƙugu na ɗaya gefen kuma suna ta ja. Idan jakarka mai maratayi ɗaya ce, ka gajarta shi har jakar ta manne da jiki, ka riƙa sauya kafaɗa a kowane rami, ka kuma rage kaya sosai. Ana sayar da maratayi biyu daban wanda ake maƙalawa a tsohuwar jaka, in tana da zobban da zai kama.

Abin da ya fi yawa ma shi ne mai maratayi biyu da ke saɓa ɗaya kawai don ƙyuya, wai tafiyar gajeriya ce. Maratayin jaka mai biyu ba a gina shi ya ɗauki nauyi shi kaɗai ba, jakar takan rataya a karkace ta ja kafaɗa gaba. Duk tafiyar da ta wuce taku 20, a sa duka biyun.

Yaya ake daidaita maratayi biyu?

A gida ake yi, ba a bakin ramin farko ana jiranka ba. Ka zuba duk abin da ka saba fita da shi har da ruwa, ka sa irin rigar da kake wasa da ita, ka tsaya gaban madubi ko ka samu wanda zai duba maka ta baya.

Yawancin jakunkuna maratayansu suna kama jaka a wuri huɗu, biyu wajen baki, biyu wajen tsakiya ko ƙasa, suna haɗuwa a wata mahaɗa mai siffar X ko faifai. Sassauta duka huɗun tukuna. Goya jakar. Abu na farko shi ne mahaɗar nan: ta zauna a tsakiyar baya tsakanin allunan kafaɗa biyu. In ta hau wuya, maratayan za su riƙa gogar gefen wuya. In ta karkata gefe, kafaɗa ɗaya ce ke ɗaukar kaso mafi yawa.

Na biyu tsayi. Ja igiyoyin kaɗan-kaɗan, santimita biyu-biyu, har matashin da ke jikin jakar ya kwanta a kwarin bayanka, daidai ɗamara ko sama da ita kaɗan. Jakar da ke dukan mazaunai a kowane taku ta yi ƙasa da yawa. Wannan ne kuskuren da aka fi gani a fili, kuma illarsa biyu ce: nauyin ya yi nesa da tsakiyar jiki, dole mutum ya ranƙwafa gaba ya miƙa wuya don ya ja shi, sannan kowane lilo da jakar ta yi fizga ce a kafaɗa.

Na uku kwanciyar jakar. Ba a so ta kwanta a miƙe, ba a so ta tsaya. Bakin ya ɗan ɗaga sama da gindin, kamar digiri 20 zuwa 25. Don ɗaga baki, gajarta igiyoyin da suka kama wajen baki, ko ka tsawaita na ƙasa. Gwajinsa shi ne ka ɗan sunkuya kamar za ka duba takalminka: sanduna kada su zamo.

Na ƙarshe, zura yatsu biyu ƙarƙashin kowane maratayi a kan kafaɗa. Matsin ya zama ɗaya a duka biyun. Idan na dama ya fi matsewa, wanda shi ne aka fi samu saboda kawunan sanduna ta can suke, sassauta shi kaɗan ka ja na hagu. Ka taka minti biyar, ka sake dubawa. Da ka samu daidai, ka ja layi da alƙalami a kan kowace igiya a bakin maɓallinta, domin igiyar nailan takan zame a hankali, musamman in ta jiƙe. Ranar da ka sa rigar sanyi mai kauri kuma sai ka ƙara tsawo kaɗan.

Na daidaita, amma maratayin yana zamewa daga kafaɗa ko yana cin wuyana.

Mai zamewa yawanci igiyar gaba ce ta yi tsawo, ko mahaɗar ta sauka ƙasa da yawa har maratayan suka buɗe. Masu ƙananan kafaɗu sun fi fama da wannan, kuma ƙaramin maɗaurin ƙirji irin na jakar goyo yana maganinsa. Mai cin wuya kuwa mahaɗa ce ta hau sama. A duba soson ma: bayan shekaru yakan mutu ya zama kamar tsumma, gefen igiyar ya riƙa yankar fata. Irin wannan sai canji. A kuma tabbata maratayin bai murɗe ba lokacin sawa, don murɗaɗɗen maratayi yana tara nauyi a layi ɗaya siriri.

Mene ne sahihin yadda ake ɗaga jaka da sauke ta?

Tunda nan ne ciwo ya fi samo asali, ya cancanci a koye shi kamar yadda ake koyon riƙon sanda. Jakar tana tsaye kan ƙafafunta. Matso har cinyarka ta kusa taɓa ta, tana gefen damanka, fuskarka tana kallon inda kawunan sanduna suka nufa. Lanƙwasa gwiwoyi, ka tura mazaunai baya, ƙirji a ɗage. Zura hannun dama cikin maratayin farko har ya hau kafaɗa tun jakar tana ƙasa. Ɗaure cikinka kaɗan, sannan ka miƙe da ƙarfin cinyoyi. Jakar za ta biyo ka ta kwanta a baya da kanta. Sai ka kai hannun hagu baya ka zura a na biyun, kana tallafe gindin jakar in da buƙata.

Abin da ba a so shi ne a tsaya nesa, ƙafafu a miƙe, a miƙa hannu a fizgo maratayi a wurga jakar bisa kafaɗa. Wurgawar tana da sauri, shi ya sa ake son ta, amma nauyin kilo 10 ne ke juyawa a kan gaɓar kafaɗa da ƙugun da ke murɗe.

Wajen saukewa, ka tsaya cak tukuna, kada ka sauke kana tafiya. Zare hannun hagu, kama hannun jakar da ke kusa da baki, bar ta ta zagayo gefenka, lanƙwasa gwiwa har gindinta ya taɓa ƙasa, sannan ka karkata ta ƙafafun su buɗe. A wuri mai gangare ka ajiye ta ta saman gangaren kai kana ƙasa, za ta zo maka kusa da kafaɗa. Idan hannun hagu yana wahalar kaiwa baya, alama ce maratayin hagun ya yi gajarta ko kafaɗar ta ƙage, kada a yi ta tilasta mata.

Ana iya rage yawan ɗagawar?

Sosai, kuma kyauta ne. Idan ka iso kusa da lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, kada ka ajiye jaka a gaba. Ka zarce da ita gefen da za ka bi zuwa wurin bugun farko na rami na gaba, ka zaro sandar zura ƙwallo da ta gajeren bugu ka dawo da su a hannu. Ɗauka ɗaya ka rage, ga shi ba ka tsare waɗanda ke bayanka ba. A kan lallausar ciyawar kanta dama ba a ajiye jaka. Idan ƙwallo ta faɗa rami mai yashi ko cikin ciyayi a gangare, bar jakar a wuri mai lebur ka tafi da sanduna biyu ko uku. Inda wurin bugun farko yake baya da hanya, ajiye jakar a bakin hanyar ka tafi da sanda ɗaya da ƙwallon ko-ta-kwana a aljihu. Lokacin jiran wasu su buga kuma, sauke ta. Tsayuwa da kaya a baya ba ta ƙara komai sai gajiya.

Jerin sanduna da kaya a cikin jaka yana da tasiri?

Yana da shi, amma bai kai na maratayi ba. Dogayen sanduna a ɗakin da ke kusa da hannun jaka da maratayi, matsakaita a tsakiya, gajeru a ɗakin da ke wajen ƙafafu. Haka kawunan ƙarfe ba sa dukan jikin dogayen, jakar kuma ba ta rinjaya. Da yake nauyin sanda a kanta yake, bakin jaka ya fi gindinta nauyi, don haka ƙwallaye da gorar ruwa a aljihunan ƙasa suna taimakawa wajen daidaito. Babban aljihun gefe, wanda ya fi nisa da jikinka, na kaya marasa nauyi ne kamar riga da hula. Kada a sa abu mai tauri a ɓangaren da ke manne da baya.

Sanduna masu jikin girafait za su rage nauyi?

Girafait abu ne marar nauyi da ake yin jikin sanda da shi a madadin ƙarfe. Kowace takan fi mai jikin ƙarfe sauƙi da giram 30 zuwa 50. A sanduna tara, abin bai kai rabin kilo ba. Kada a canza sanduna don jaka kawai, zazzage aljihu ya fi haka tasiri.

Yaya ya kamata in riƙa tafiya, musamman a tudu da gangare?

Kai a ɗage, kafaɗu a sake. Da yawa sukan maƙale manyan yatsu a maratayi suna ja gaba, wanda ke dunƙule kafaɗu ya ƙage wuya. Gara hannuwa su yi lilonsu, ko hannun dama ya ɗan dafa kawunan sanduna don hana su kaɗawa. Wajen hawa tudu a gajarta taku, jiki duka ya ɗan karkata gaba tun daga idon sawu, ba a karya ƙugu ba. Wajen sauka ma gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Tafiya a gicciye kan gangare ita ce mafi wahalar da ƙugu, in da hanya mai lebur ko da ta fi tsawo a bi ta. Takalmin da ƙasansa ya cinye yana sa santsi a jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma zamewa ɗaya da kaya a baya ta isa ta kwantar da mutum mako guda.

Hannuna yakan mutu ko in ji kamar ana tsira mini allura a yatsu. Me ke nan?

Jijiyoyin da ke kai saƙo hannu suna fitowa daga wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Maratayi siriri, ko mai matsewa, ko wanda ya zauna kusa da wuya yana danne su. An san wannan matsala wajen sojoji da masu hawan dutse da ke goya kaya masu nauyi. Da ka ji haka sauke jakar, girgiza hannuwa, juya kafaɗu, ka matsar da maratayin ya koma kan tsokar kafaɗa. In ya wuce cikin 'yan mintuna, gyaran maratayi da rage kaya ne maganinsa. In ya kwana, ko hannun ya rasa ƙarfi har riƙon sanda ya gagara, a daina goyon jaka a ga likita.

Ta yaya zan gane jakar ce ke jawo ciwon ko salon buguna?

Ciwon jaka yakan taru a hankali, ya fi tsanani a ramukan ƙarshe, kuma a saman kafaɗa da wuya da tsakiyar baya ake jinsa. Na bugu yakan zo da kaifi lokacin murɗawa. Ga mai bugu da dama, galibi a ƙasan baya ta dama ne ko cikin gaɓar kafaɗar hagu, kuma yana tasowa ko a wurin atisaye inda babu jaka. Gwaji mafi sauƙi: yi zagaye biyu ko uku da keken turawa. In ciwon ya tafi, ka gano mai laifi. In yana nan, mai koyar da wasa da likitan fisiyo za ka nema, ba sabuwar jaka ba.

Wane motsa jiki ne ke taimakawa?

Kafin wasa, minti 5 zuwa 10 sun isa: tafiya da sauri, juya kafaɗu gaba da baya, tsugunawa da miƙewa sau goma, sai ka ɗora sanda a kafaɗu ka riƙa juya ƙirji a hankali. Wanda ya fito daga mota bayan dogon zama ya zarce ya saɓi jaka, bayansa bai shirya ba.

A gida, sau biyu ko uku a mako. Wanda ya fi kama da aikin shi ne tafiya da nauyi a hannu ɗaya: kilo 8 zuwa 12, mita 30, jiki a miƙe ba ka karkata ba, sannan ka sauya hannu, sau uku-uku. Sai kwanciya ta gefe kan gwiwar hannu a ɗaga ƙugu daga ƙasa, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe. Sai durƙusawa kan tafuka da gwiwoyi, a miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya ba tare da ƙugu ya juya ba, sau takwas kowane ɓangare. Sai kwanciya rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga mazaunai sau 12. Don kafaɗa, a ɗaura robar motsa jiki a ƙofa a riƙa jawo ta zuwa ciki ana haɗe allunan kafaɗa, sau 12 zuwa 15. Wanda ya daɗe bai goyi jaka ba ya fara da ramuka tara da rabin sanduna, ya ƙara a hankali cikin 'yan makonni.

Ba gara in koma keke ba?

Ga mai tsohon ciwon baya, ko wanda aka yi wa aiki a kafaɗa, ko mai wasa kwana biyu uku a jere, gara hakan, kuma babu abin kunya a ciki. Tafiyar da amfaninta suna nan, ɗagawa ce kawai ta tafi. Amma kekunan ba duka ɗaya ba ne. Mai taya biyu da ake ja ta baya yana barin hannu ɗaya a miƙe a baya, kafaɗa da ƙugu a murɗe tsawon zagaye, har wani lokaci ya fi goyo illa. Mai taya uku ko huɗu da ake turawa da hannu biyu ya fi, a saita hannunsa daidai cibiya. Mai batir ya fi sauƙi a fili, sai dai shi da batirinsa suna da nauyi wajen fitarwa daga mota.

Wajen sa jaka a mota fa?

Mutane da dama a wajen ajiye motoci suke jin bayansu ya ƙulle, ba a fili ba. But ɗin mota yana tilasta sunkuyo da miƙa hannu nesa. Kama jakar da hannu biyu, ɗaya a hannun baki ɗaya a gindi, ɗora ta a bakin but tukuna, sannan ka tura ta ciki. Wajen fitarwa jawo ta bakin but, matso da ita jikinka, ka juya da ƙafafu gaba ɗaya maimakon murɗa ƙugu. A yi hattara musamman da sassafe, lokacin da baya ya fi ƙagewa, da bayan zagaye, lokacin da tsokoki suka gaji.

Yara masu koyo fa?

Jakar yara daidai tsawonsu, sanduna biyar zuwa bakwai. Shawarar da ake yawan bayarwa kan jakar goyon yara ita ce kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin jikinsu, wato yaro mai kilo 35 kada kayansa su haura kilo 5. Jakar babba da aka gajarta wa maratayi ba ta zama ta yaro, tsawonta zai riƙa dukan ƙafafunsa.

Ciwon ya riga ya kama ni. Me zan yi, kuma yaushe zan je asibiti?

Ciwon tsoka na yau da kullum yakan lafa cikin kwanaki, yawancin ciwon baya kuma yana sauƙi cikin 'yan makonni. Kwanciya a gado kwana da kwanaki tana ƙara ƙage baya, gara a ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan. Gashi da ruwan ɗumi, ko ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20, duk wanda ya fi maka daɗi. Magungunan rage zogi irin su ibuprofen ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma shan su kafin wasa don a danne ciwo a ci gaba da goyon jaka dabara ce marar kyau. Ɗamarar baya da ake sayarwa tana iya sa a ji daɗi na ɗan lokaci, amma ba ta maye gurbin ƙarfin tsoka da ɗagawa daidai.

A ga likita idan ciwon ya wuce makonni bai ragu ba, ko yana sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, ko yana tayar da kai daga barci, ko hannu ya kasa ɗaguwa sama da kafaɗa. A garzaya asibiti nan take idan ƙafa ta rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun gagara riƙewa ko fita. Haka ma ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji, gumi mai yawa ko sarƙewar numfashi. Wannan yana iya zama zuciya, kada a tsaya gyaran maratayi, a nemi agajin gaggawa daga inda ake.